Me ya sa yashi ke zama gilashi, gishiri kuma ya ƙi?

Malam Kabir, Daura: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata yarinya 'yar aji biyar ta ɗaure ni yau a ajin kimiyya. Muna maganar gishiri, na ce musu yana narkewa a wuta idan zafi ya kai digiri 801. Ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ka ce in an narkar da yashi ya huce sai ya zama gilashi. To in an narkar da gishiri ya huce fa?" Na ce gishiri zai koma, ƙwaya-ƙwaya kamar da. Ta ce me ya sa? Na ce mata za mu dawo kai ranar Litinin. Ina son amsar da zan iya ba ta da Hausa, ta gane ta har zuci, ba haddar littafi ba. Masana ku taimaka.

Aminu Ƙofar Marusa: Wa alaikumus salam Malam. Ni dai abin da aka koya mana shi ne gilashi ruwa ne mai kauri ƙwarai, yana kwarara a hankali. Har an ce tagogin tsofaffin gine-ginen Turai sun fi kauri ta ƙasa saboda sun zubo.

Dakta Hadiza: Aminu ƙanena, wannan magana ta yaɗu amma ba haka ba ne. Yadda ake yin gilashin taga a da ne ke sa gefe ɗaya ya fi kauri, magina kuma su kan sa mai kaurin a ƙasa. An samu waɗanda aka kafa mai kaurin a sama, da kwarara yake yi ai ba za a samu haka ba. Gilashi daskararre ne. Abin da ya ɗauko daga ruwa shi ne rashin sahu, ba kwarara ba.

Malam Kabir, Allah ya yi wa wannan yarinya albarka, don tambayar da ta yi ita ce ainihin tambayar. Bari in fara da gishirin. Ka sa su ɗebo gishiri mai tsabta su duba da tabarau mai ƙara girma. Kowace ƙwaya kamar ƙaramin dunƙulen Maggi take, fuska shida, kusurwa a miƙe. Wannan siffa daga ciki ta fito. Gishiri haɗin sinadarai biyu ne, sodiyam da kulorin. Sodiyam ya ba kulorin ƙwayar lantarkinsa guda ɗaya, sai ɗaya ya zama mai caji na ƙari, ɗaya na ragi, suna jan juna. Kowane sodiyam kulorin shida ne ke kewaye da shi: sama, ƙasa, gabas, yamma, kudu, arewa. Kowane kulorin ma sodiyam shida. Haka abin ke maimaituwa ba karkata. Tsakanin ɗaya da maƙwabcinsa nanomita 0.282 ne (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), wato a gefen ƙwaya mai faɗin milimita ɗaya akwai su sama da miliyan uku da rabi a layi guda.

Ka tuna musu filin Idi. In ka tsaya a bakin sahu, ka san inda mutum na ɗari yake tsaye ko ba ka gan shi ba. Wannan shi ne kiristal. Gilashi kuwa kasuwa ce: kowa ya san na kusa da shi, amma daga mutum na uku ko na huɗu ba ka iya cewa ga inda wane yake.

Alhaji Lawal Mai'adua: Dakta, ni ba ɗan boko ba ne sosai, ɗana ne ya sa ni cikin zauren nan. Amma gishiri sana'ar gidanmu ce tun kakana, lokacin da ayarin raƙuma ke sauko da kantu daga Bilma ta Agadas. Na fasa gishiri da hannuna ba adadi. In ka samu dutsen gishiri mai kyau ka sare shi, a miƙe yake tsagewa, fuskar sumul kamar an goge. Kwalba kuwa in ta fashe sai ta yi lanƙwasa kamar ƙwarya. Ashe abin da kike faɗa ke nan?

Dakta Hadiza: Shi ne, Baba Alhaji, ranka ya daɗe. Ka ga abin da ido kafin mu gan shi a littafi. In an buga gishiri, sahu ɗaya ya gota da taki guda, sai masu caji iri ɗaya su fuskanci juna, su ture juna, dutsen ya rabe a kan layin. Kwalba ba ta da sahun da tsaga za ta bi, shi ya sa take karkacewa. Kwallin da iyayenmu mata ke daƙawa ma, in ka duba dutsensa kafin a niƙa, haka yake tsagewa dunƙule-dunƙule, domin tsarin dalma da farar wuta a cikinsa irin na gishiri ne sak, duk da shi ba ɗan gidan ba ne.

Gidan da nake nufi shi ne na halaid: ƙarfe ya haɗu da ɗaya daga fulorin, kulorin, buromin ko ayodin. Su huɗun ana ce musu halojin, kalmar Girka ce mai nufin mai haifar da gishiri. Kuma da gishirin nan na miya aka fara ganin yadda ƙwayoyin zarra ke zama a cikin abu. A 1912 Max von Laue a Jamus ya nuna kiristal na warwatsa hasken eksire. A 1913 Lawrence Bragg a Ingila ya yi amfani da wannan ya fitar da tsarin gishiri. Shi da mahaifinsa aka ba su kyautar Nobel a 1915, yana ɗan shekara 25.

Injiniya Bishir: To amma Dakta har yanzu ba a amsa wa yarinyar ba. Me ya hana gishirin zama kasuwa?

Dakta Hadiza: Ga shi nan tafe, Injiniya. Lokaci ne. Narkakken gishiri tsinkakke ne, kaurinsa bai wuce na ruwan sha ba. Sodiyam da kulorin kamar ƙwallaye suke, jan da suke wa juna ba ya zaɓen gefe, ba wanda ke riƙe da hannun wani. Da zafi ya sauka ƙasa da 801, kowa ya zame ya shiga sahu nan take, ba ka isa ka riga su ba. Yashi daban ne, shi haɗin silikon ne da oksijin. Kowane silikon yana riƙe da oksijin huɗu gam, kowane oksijin yana haɗa silikon biyu, sai ya zama raga guda. Ka ce wa jama'ar da kowa ke riƙe da hannun mutane da dama su yi sahu, kafin su warware kansu dare ya yi. Sanyi ya riske su a hargitse, su daskare a haka. Shi ne gilashi.

Sanusi Ƙofar Ƙaura: Anti Dakta, ke nan duk halaid ba ya gilashi, tunda duk 'yan uwan gishiri ne?

Dakta Hadiza: A'a fa. Nan ne daɗin abin yake. Akwai zinki kuloraid, ZnCl2.

Sanusi Ƙofar Ƙaura: Tsaya. Wannan na san shi ba a aji ba. Mahaifina gyaran lagireto yake yi. Yana yanka ɓawon tsohon batir na tocila, wancan farin ƙarfen, ya jefa cikin asid a kwalba, ya yi ta tafasa har ya lafa. Da wannan ruwan yake shafa wa tagulla kafin ya liƙa dalma, yana cinye dattin ƙarfen dalmar ta kama. Da na shiga jami'a na gane zinki ne da asid na haidirokulorik, abin da ya rage a kwalbar zinki kuloraid ne. Kuma na lura ba ya taɓa bushewa sarai, kullum da danshi.

Dakta Hadiza: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, shi ne. Zinki ƙarami ne kuma cajinsa biyu, yana jan lantarkin kulorin zuwa gare shi, sai riƙon ya zama mai zaɓen gefe. Kulorin huɗu ne ke kewaye da shi ba shida ba. Malam Kabir, ka kai su wajen mai lemo: uku a ƙasa, ɗaya a bisa. A cikin ramin da ke tsakiyar huɗun nan zinki yake zaune. Kowane lemo kuma na kashi biyu ne, ya haɗa wannan kashi da wancan. Raga ke nan irin ta yashi. Yana narkewa a digiri 290, kuma narkakkensa kamar zuma yake. Ka huce shi da ɗan sauri, ka samu gilashi garai-garai. Sai dai ba gilashin da za a sa a taga ba ne: daga wajen digiri 100 ya fara laushi, kuma abin da Sanusi ya gani gaskiya ne, yana zuƙar ruwan iska har ya narke a cikinsa.

Akwai wanda ya fi shi kama da yashi, BeF2, beriliyam fuloraid. Victor Goldschmidt tun shekarun 1920 ya nuna tsarinsa kwafin na yashi ne, sai dai riƙonsa ya fi rauni. Gilashinsa na da kyau, amma beriliyam guba ne mai lalata huhu, ba abin wasa ba ne. A 1932 William Zachariasen, ɗan Norwe da ke Jami'ar Shikago, ya rubuta ƙa'idojin: abin da zai yi gilashi maƙwabtansa su zama kaɗan, uku ko huɗu, kuma kashi da kashi su haɗu ta kusurwa ba ta gefe ko fuska ba, don raga ta samu damar lanƙwasa.

Malam Kabir, Daura: Alhamdu lillahi, na fara ganin hanya. Amma me ke sa wani maƙwabci huɗu, wani shida? A littafinmu akwai lissafin raba girman ƙaramar ƙwayar zarra da na babbar: ƙasa da 0.414 huɗu, daga nan zuwa 0.732 shida, sama da haka takwas. A gishiri, girman sodiyam 102 bisa na kulorin 181, kusan 0.56, shida. Sisiyam kuloraid ya haura 0.9, takwas. Ina koyar da shi a matsayin doka.

Injiniya Bishir: Malam, da girmamawa, kada ka kira ta doka. Rubidiyam kuloraid lissafinsa ya kai wajen 0.84, ya kamata ya yi takwas, amma tsarin gishiri gare shi. Litiyam ayodaid ya kamata ya yi huɗu, shi ma shida ne. Ni a ganina a daina wahalar da yara da lissafin da ke faɗuwa tun a cikin gidan da aka gina shi.

Dakta Hadiza: Misalanka daidai ne Injiniya, amma ban yarda a jefar da shi ba. Linus Pauling ya sa shi cikin ƙa'idojinsa a 1929, kuma har yau shi ne ke fara sa yaro ya yi tunanin cewa girma na da hannu a tsari. A koyar da shi, a kuma faɗa musu inda ya gaza da dalilin gazawar: ƙwayoyin ba duwatsun dara ba ne masu tauri, suna matsuwa, suna raba lantarki. Hasali ma in ka matse potasiyam kuloraid da ƙarfi sosai, sai ya bar tsarin shida ya koma na takwas. Abu ɗaya, tsari biyu.

Injiniya Bishir: In za a faɗi gazawar, na yarda. Abin da na ƙi shi ne yaro ya fita yana zaton an gama magana. Don ƙa'idar Zachariasen ɗin ma an karya ta, kuma a fagen aikina aka karya. A 1974 a Jami'ar Rennes ta Faransa, 'yan uwa biyu, Michel da Marcel Poulain, a ɗakin binciken Jacques Lucas, suna neman haɗa kiristal na zakoniyam fuloraid, sai gilashi ya fito musu. Zakoniyam a ciki fulorin bakwai ko takwas ke kewaye da shi, ba huɗu ba. Daga baya aka daidaita haɗin da ake kira ZBLAN, daga harufan farko na ƙarafan da ke ciki: kashi 53 cikin ɗari zakoniyam fuloraid, 20 bariyam, 4 lantanam, 3 alminiyam, 20 sodiyam, duk fuloraid. Dabarar a nan ba raga kaɗai ba ce. An tara iri biyar masu girma daban-daban, kowa na neman nasa sahun, sai su rikita juna har sanyi ya kama su.

Abin da ya sa muka damu da shi: zaren gilashin da ke ɗauko mana intanet na yashi ne, kuma in tsawon zangon haske ya wuce wajen maikuromita 2 (maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) sai ya fara shanye shi. Na fuloraid yana wucewa da haske can cikin infared, wato hasken da ke gaba da ja wanda ido ba ya gani, har wajen maikuromita 7 in guntu ne. A lissafi ma ya kamata ya fi na yashi rashin asara. A aikace bai kai ba, saboda lokacin da ake jan zaren, ƙananan kiristal na tsirowa a ciki su warwatsa hasken. Halin gidan bai bar shi ba, yana son komawa sahu. Har tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa an kai injin jan zaren, don a ga ko rashin nauyi zai rage tsiron. A yanzu an fi amfani da shi a na'urorin leza da na auna iskar gas.

Hajiya Binta: Ni ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce, bari in sa baki ta gefen danshi, don shi ne yaƙinmu kullum. In za mu duba sinadari da na'urar infared, muna niƙa shi da potasiyam buromaid, KBr, mu matse har ya zama ɗan faifai mai haske kamar gilashi. Ɗalibai sukan ce gilashi ne. Ba shi ba ne, ƙwayoyin kiristal ne suka manne har ba sauran iska a tsakani. Wato ganin haske ta cikin abu ba shi ke nuna gilashi ba. Da hunturu faifan tas yake fita. Daga Yuli zuwa Agusta kuwa, kafin ka kai shi na'ura ya yi hazo, alamar ruwa ta cika sakamakon. Sai mun gasa garin tukuna mun ajiye a tulun busarwa.

Alhaji Lawal Mai'adua: Hajiya, mu ma da damina haka buhu ke jiƙewa ba ruwan da ya taɓa shi. Amma wani gishirin ya fi wani.

Hajiya Binta: Gaskiya ne Alhaji. Tsantsar gishiri sai danshin iska ya kai wajen kashi 75 cikin ɗari yake fara jiƙa. Wanda ke da gaurayen magniziyam kuloraid tun wajen kashi 33 yake fara sha, shi ne kuma mai ɗan ɗaci a harshe.

Aminu Ƙofar Marusa: To tabarau ɗin nan da ke yin baƙi a rana ya washe a inuwa fa, kiristal ne ko gilashi?

Injiniya Bishir: Na asali, wanda kamfanin Corning na Amurka ya fito da shi a shekarun 1960, duka biyun ne. Gilashi ne da aka shuka ƙananan kiristal na azurfa kuloraid a cikinsa. Rana ta buga, azurfar ta ware ta yi duhu. Da yake gilashin ya tsare kulorin bai gudu ba, in an shiga inuwa sai su koma. Fim ɗin hoto na da ma azurfa buromaid ne, can kuma ba komawa, shi ya sa hoton ke zama. Yawancin na yanzu na roba ne da wani rini daban.

Dakta Hadiza: Tunda an zo kan azurfa, ga wanda ya fi ba ni mamaki a gidan duka: azurfa ayodaid. In ya haura digiri 147, ayodin na nan tsaye a sahu, azurfar kuwa ta saki wurinta tana yawo tsakaninsu kamar ruwa, har yana ɗaukar lantarki kamar narkakke. Rabi sahu, rabi kasuwa. A sanyi kuma tsarinsa ya yi kama da na ƙanƙara, shi ya sa Bernard Vonnegut a 1946 ya gano ana iya watsa shi cikin gajimare tururi ya daskare a kansa.

Sanusi Ƙofar Ƙaura: Ke nan za a iya sa mana ruwa a Jibiya da Kaita in damina ta yi jinkiri?

Dakta Hadiza: Sai da gajimare mai ruwa da sanyin da ya dace, ba ya ƙirƙiro hadari daga sarari. Ruwa na Allah ne, Sanusi.

Injiniya Bishir: Ɗaya ya rage da ya shafe mu kai tsaye, mu da rana ta yi wa yawa. Sababbin faifan sola da ake kira ferobsikait, halaid ne na dalma. Dalma na tsakiya, ayodin shida kewaye da ita, suna haɗuwa ta kusurwa, sisiyam ko wani babban abu na zaune a ramukan. A 2009 tawagar Tsutomu Miyasaka a Japan ta samu kashi 3.8 cikin ɗari na hasken ya zama wuta. Yanzu a ɗakin gwaji an haura 25. Matsalar tsari ce: sisiyam dalma ayodaid baƙi ne a tsarin da ke aiki, amma a zafin ɗaki, musamman da danshi, sai ya sake sahu ya koma rawaya, ya daina amfani.

Hajiya Binta: Ni dalmar ce ke tsaya min a rai, Injiniya. Ba mu manta Zamfara a 2010 ba, yara sama da 400 gubar dalma ta kashe a yankin Anka da Bukkuyum. Kuma halaid na dalma ruwa na iya ɗaukarsa fiye da dutsen kwalli. Ka dubi yadda muke zubar da mataccen batir a bola, yara na tona. Kafin irin wannan faifai ya cika kasuwar Katsina, ina son in ji wa zai karɓi fasasshe.

Injiniya Bishir: Ba ni da ja a nan, Hajiya. Ana gwada kuza a madadin dalma, amma ita kuma iska na saurin ɓata ta.

Malam Kabir, Daura: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Saura abin da zan nuna musu da ido, don ba ni da wutar da za ta kai 801, zinki kuloraid kuma ba zan sa a hannun yara ba.

Hajiya Binta: Malam, alewa. Ka dafa sukari da ɗan ruwa har ya yi kauri, ka zuba a faranti mai sanyi. Zai daskare garai, ya fashe da lanƙwasa kamar kwalba: gilashin sukari ke nan. Ka matsa lemon tsami kaɗan a ciki, yana raba sukarin gida biyu su rikita juna, irin dabarar da Injiniya ya faɗa. Wani kason kuma kada ka sa lemon, ka yi ta juyawa yana hucewa, za ka ga ya yi fari ya koma gari-gari. Sai ka jiƙa gishiri har ruwan ya ƙi ɗauka, ka tace, ka zuba a faranti ka ajiye inda ba a taɓawa.

Alhaji Lawal Mai'adua: Ka rufe da ƙyalle mai shara-shara saboda ƙura, kuma kada ka sa a rana. A inuwa ya fi yin manyan ƙwayoyi, haka masu gishiri ke cewa. In kana so, akwai guntun dutsen gishiri a shagona, wanda ya shigo mota gobe zuwa Daura zan ba shi ya kawo maka, yarinyar ta sare shi da hannunta.

Malam Kabir, Daura: Ina so, Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Yau Alhamis, in na jiƙa gishirin da daren nan zai samu kwana huɗu kafin Litinin. Dakta, zai isa?

Dakta Hadiza: Da wannan iskar hunturun zai isa, in ruwan bai yi zurfi a farantin ba. Ka turo mana hoton ƙwayoyin, da abin da ta ce.